Wahalar da Na Sha Kafin In Samo Bakin Busar da Ya Dace da Tsohuwar Yufoniyam

Ranar da aka buɗe kwalin kayan busa da wani ɗan ikilisiyarmu ya aiko daga Ingila, ni na fara kai hannu kan yufoniyam ɗin, wato babban ƙahon ƙarfen nan mai kaurin murya da ake rungumewa a ƙirji a busa. Tsohuwa ce, azurfar jikinta ta dusashe, ta lotsa wuri biyu a gindi, amma bawul ɗinta huɗu, maɓallan da ake dannawa don sauya sauti, suna tafiya sumul kamar jiya aka zuba musu mai. A jikin ƙahon an zana sunan Besson. Shekara shida na yi ina busa ƙaramin ƙahon da ake kira konet a ban ɗin matasan majami'armu a Kaduna, wato ƙungiyarmu ta masu busa, kuma duk tsawon lokacin nan idona na kan yufoniyam, don ita ce mai muryar nan da ke ratsa ƙirji in ana waƙar jana'iza. Bandmasta, shugaban ban ɗin, ya dube ni ya ce, "To ga ta nan, ɗauki, in ka iya ta zama taka." Na zazzage akwatinta, na girgiza shi, na laluba aljihunsa na ciki. Babu bakin busa.

Bakin busa shi ne ɗan ƙarfen nan mai kama da mazurari wanda ake zurawa a bututu, mutum ya ɗora leɓɓansa a kai. Mu a ban maufis muke ce masa, kuma da wannan suna zan ci gaba. Ƙaho ba ya yin sauti da kansa. Leɓɓan mutum ne ke karkarwa a cikin maufis, ƙahon kuma ya ɗauki karkarwar ya mai da ita murya. Duk da na san haka, ban ɗauki rashinsa a bakin komai ba. Muna da wani tsohon gwangwanin madara a kabad ɗin ban, cike da maufis na ƙahonin da suka daɗe da mutuwa. Na tsoma hannu na zaro wanda ya fi kama da na yufoniyam. An rubuta 12C a jikinsa.

Da na zura shi sai ya shige can ciki har kusan wuya, kuma yana lilo kamar haƙorin da ya kusa fita. Wani ɗan'uwa mai busa turombon ya ce ba matsala, haka ake yi, ya yago takarda daga littafin waƙa da ya yayyage, ya naɗe ƙafar maufis ɗin, ya bi da salatif. Ya zauna daram. A haka na yi wata huɗu.

Wata huɗun nan ban ji daɗinsu ba. Muryar da nake fitarwa siririya ce, mai tsini, kamar turombon da mura ta kama. Sautukan sama suna fita ba wuya, amma da na sauka ƙasa sai abin ya zama huci kawai. Ga kuma rashin daidaito da sauran jama'a: in na gyara sautin do na do-re-mi, sai sautin so ya kauce, in na gyara so, sai mi ya yi wani wuri. Bandmasta yana yawan juyowa ya harare ni. Takardar kuwa kullum sai ta jiƙe da yawu ta zama kamar tuwo, in sake wata. Abin da ya fi damuna shi ne wasu ƙananan ƙuraje da suka fara fito mini a kewayen leɓe. Daga baya na gane azurfar da aka shafe gefen maufis ɗin da ita ta goge, tsurar farin ƙarfen tagulla nake mannawa a fatata kowace rana.

Sai na shiga intanet. Na kalli manyan masu busa yufoniyam na ƙasar Ingila, na ji murya mai faɗi da taushi irin wadda nake mafarki, na ga kowa yana ambaton maufis 4AL na kamfanin Denis Wick. Shi Denis Wick ɗin ya shafe shekara talatin da ɗoriya yana shugaban masu turombon a babbar ƙungiyar kiɗa ta London Symphony, don haka na ce ai wannan ba abin tambayar kowa ba ne. Na tara kuɗi, na haɗa da na adashi, na sa aka kawo mini daga Legas. Ranar da ya iso ko abinci ban tsaya ci ba. Na ɓare ledar, na ɗauko yufoniyam, na zura.

Ya ƙi shiga. Wato ya shiga, amma ɗan kansa kawai, kamar tsawon farcen ɗan yatsa, sauran duk yana waje. Na murɗa, na danna, har na ɗaga tafin hannu zan buga masa, Allah ya sa na fasa. Na busa a hakan. Muryar ta yi kauri ƙwarai, amma manhajar auna sauti da ke wayata ta nuna na yi ƙasa, kuma ko da na tura bututun gyaran sauti ciki gaba ɗaya ban kamo daidai ba. Da na ɗan sunkuya sai maufis ɗin ya faɗo kan siminti. Sauri ya haifi nawa.

Mahaifiyata ce ta ce in je wurin Baba Saje. Tsohon sojan badujala ne, ya yi ritaya tun ina firamare, yana zaune a layin bayanmu yana kiwon kaji. Tuba ya busa a soja, amma babu ƙahon da bai taɓa riƙewa ba. Na same shi da yamma a kan benci, na durƙusa na gaishe shi, na ajiye akwatin a gabansa. Bai ce komai ba sai da ya fiddo yufoniyam ɗin, ya juya ta, ya kanne ido ɗaya ya leƙa bututun da ake zura maufis. Sannan ya karɓi maufis biyun, ya ɓare takardar da ke jikin ƙaramin da farce, ya zura shi, ya girgiza, ya zare. Ya zura babban, ya zare. Ya yi dariya har da tari.

"Yarona, wa ya ce ka sayi wannan?"

"Baba, a intanet na gani."

"Intanet ɗin ya ga ƙahonka?"

Daga nan ya yi mini karatun da ya kamata in nema tun farko. Ya ce maufis baki biyu gare shi, ɗaya na mutum, ɗaya na ƙaho, kuma na ƙaho ake fara sallama, domin shi ba ya jin lallashi. Ƙafar maufis ta turombon da yufoniyam iri uku ce. Akwai siririya, ta ƙananan turombon da bariton da wasu yufoniyam na 'yan koyo. Akwai mai kauri, ta manyan turombon da bas turombon da yawancin yufoniyam na zamani. Sai kuma ta tsakiya, wadda wasu ke kira ta Turai, ita ce tsofaffin yufoniyam na Besson da na Boosey & Hawkes suke ɗauka, waɗanda aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1970. Tawa tana cikinsu. 12C ɗin gwangwani siririyar ƙafa gare shi, 4AL kuwa mai kauri. Harafin L ɗin da ke ƙarshen sunan ma abin da yake faɗa ke nan, da na san karatunsa. A tsarin Denis Wick, L mai kauri ce, S siririya, M ta tsakiya. Wanda zai shiga ƙahona sunansa 4AM. Harafi ɗaya ya cinye mini kuɗin adashi.

Ya nuna mini yadda ake ganewa ba tare da wani na'ura ba. A zura maufis a hankali, a ɗan murɗa shi, a sa fensir a zana layi daidai inda bututu ya tsaya, a zare a auna. In ƙafar ta dace, abin da ya shige zai kai wajen inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi, kuma ba zai yi lilo ba ko an girgiza shi. Wanda ya shige fiye da kima yana gajarta tsawon ƙahon, sauti ya hau sama, iska kuma tana zurarewa ta gefe. Wanda ya tsaya a waje yana ƙara tsawo, sauti ya sauka. Kuma ba hawa da sauka ne kaɗai ba, tazarar da ke tsakanin sautukan kansu takan lalace, shi ya sa do da so nawa suka ƙi zama lafiya da juna.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, don ban son in sake zubar da kuɗi a kan zancen baki, ko da na Baba Saje ne. Washegari na ɗauki maufis biyun da yufoniyam ɗin na hau Keke Napep zuwa Panteka, wurin wani mai injin gyaran ƙarfe da ke yi wa babana aikin injin niƙa. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ɗauko ma'aunin nan na ƙarfe mai muƙamuƙi biyu da ke nuna milimita. Yaran shagon suka bar aiki suka zagaye mu, ɗaya yana tambaya ko wannan ne ake busa wa gwamna. Ya matse ƙarshen ƙafar ƙaramin: wajen milimita 11. Ya matse ta babban: wajen 12 da rabi. Ya ware muƙamuƙin baya ya auna bakin bututun ƙahon, ya yi ɗan lissafi da alli a jikin ƙofa, ya ce abin da zai zauna a nan sai wanda ya faɗa tsakaninsu. Ya ƙara da cewa in na yarda zai ɗora babban a inji ya rage masa kauri, minti goma ya gama. Na kusa yarda. Abin da ya hana ni shi ne na tuna bangon ƙafar siriri ne a ƙarshe, kuma ramin cikinta an ƙera shi ne da lissafi. In ya ci ƙarfen ya wuce, na rasa maufis na rasa kuɗi, ba kuma mai saye. Na ba shi na ruwa, na yi godiya, na dawo.

An gama da ƙafa. Saura ɓangaren da ke taɓa bakina, kuma a nan ne aikin ya ɗauki lokaci.

Na koma wurin Baba Saje da niyyar in ce kawai zan sayi 4AM a wuce wurin. Ya ce in dakata. Ya kifa maufis ɗin a tafin hannunsa yana nuna mini sassansa da tsinken ashana. Ga zobe, inda leɓe ke zama. Ga ƙoƙo, wato ramin da ke ciki. Ga maƙogwaro, ƙaramar hudar da ke gindin ƙoƙo. Bayanta kuma rami ne da ke buɗewa a hankali cikin ƙafa har ya haɗu da bututun ƙaho. Faɗin ƙoƙo daga gefe zuwa gefe shi ke nuna yawan naman leɓen da zai yi karkarwa. Mai faɗi yana ba da murya mai cika da sauƙin sauka ƙasa, amma yana cin ƙarfi, sama kuma sai an yi da gaske. Ƙoƙo mai zurfi yana sa murya ta yi duhu da taushi, marar zurfi yana sa ta yi haske da kaifi. Maƙogwaro mai faɗi yana shan iska kamar tsohuwar mota da mai, ƙarami kuma yana tokare iska har mutum ya ji kamar ana tura masa ita baya.

Lambobin ne suka fi ruɗa ni, kuma har yau ina ganin da gangan masu ƙera abin nan suka ƙi haɗa kai. A wurin Bach, kamfanin da Vincent Bach ya kafa a New York a 1918, lamba in ta yi girma maufis ƙanƙancewa yake yi. 12C faɗinsa milimita 24.5 ne, 6½AL yana da 25.4, 5G yana da 25.5, 4G yana da 26, sai 1½G na bas turombon mai 27. Denis Wick ma haka yake tafiya, 4 ya fi 6 girma. Amma a wurin Schilke da Yamaha abin a juye yake, lamba tana hawa girma yana hawa, don haka 51 ya fi 47. Haruffan ma haka. A wurin Denis Wick, A shi ne ƙoƙo mai zurfi, B matsakaici, C marar zurfi. A wurin Schilke kuwa D ya fi B zurfi. Ni da na ga 12 a jikin na gwangwani na zaci babba na ɗauko, ashe yana cikin ƙananan da ake ba yaro ranar da ya fara turombon.

Na ce, "Baba, ai ni leɓɓana masu kauri ne, an ce irinmu babban maufis ya dace da mu."

Ya tsuke fuska. Ya ce ya ga mai leɓe kamar faifai yana busa begila da ɗan mitsitsin maufis har kunne ya yi zafi, ya kuma ga mai siririn leɓe yana riƙe da tuba. Abin dubawa shi ne jan naman leɓe ya zauna a cikin zobe, kada gefen zoben ya hau kansa, sai kuma haƙora. Ya sa na buɗe baki. Ina da wushirya, kuma haƙorina ɗaya na sama ya ɗan turo gaba. Ya ce wannan haƙorin zai gaya mini gaskiya kafin kowa, duk zoben da ya danna leɓe a kansa ba nawa ba ne ko da na zinariya ne.

Matsalar ita ce a garinmu ba shagon da za ka shiga a jera maka maufis goma ka gwada. Ga shi mai ƙafar tsakiya ko ɗaya ba mu da shi. Baba Saje ya kawo dabara. Wata majami'a a unguwar da ke maƙwabtaka da mu suna da sabuwar yufoniyam 'yar China mai ɗaukar ƙafa mai kauri, mai busa ta kuma ya tafi bautar ƙasa. Bandmasta ya je ya roƙo mana aronta na wata biyu. Muka bi masu turombon gida-gida muna aron maufis: aka samu 6½AL mai ƙafa mai kauri, aka samu 5G, mai bas turombon ya ba da 1½G da sharaɗin a dawo masa da shi kafin Lahadi. Ga kuma 4AL nawa. Na wanke su duka da ruwan ɗumi da sabulu da ɗan buroshi. Abin da ya fito daga ramin ɗaya daga cikinsu ba zan faɗa ba, mai shi abokina ne.

Ranar Talata da yamma, majami'a ba kowa, muka yi gwajin farko. Baba Saje ya tafi can benci na ƙarshe ya zauna ya juya mini baya. Ya ce kada in faɗa masa wanda na sa. Abu huɗu zan yi da kowanne, a jere, ba canji: dogon sauti ɗaya daga raɗa har ƙarfi in dawo raɗa, sai hawa da sauka da leɓe kaɗai ba taɓa bawul, sai baiti ɗaya na waƙar sujada a hankali, sai ɗan guntun maci, wato kiɗan fareti, mai sauri don a ji harshe. Na jingina wayata a kan bagade tana ɗauka.

1½G na fara da shi, don zumuɗi. Na ji kamar na tsoma fuskata a kwano. Sautukan ƙasa suka fito har gilashin taga yana amsawa, na ji daɗi ƙwarai. Da na nufi sama sai murya ta narke, ban ko kai inda waƙar take so ba, numfashina kuma ya ƙare a tsakiyar layi. Daga can baya Baba Saje ya ɗaga hannu ba tare da ya juyo ba: "Cire wannan, na mai bas ne."

5G ya yi kyau, ba abin kushewa, amma zobensa ya sauka daidai kan haƙorin nan nawa, kafin in gama baiti na fara jin zugi. Bambancinsa da 6½AL a faɗi kashi ɗaya ne cikin goma na milimita a takarda, amma a bakina kamar ba dangi ba. A nan na gane lambar da ke takarda kwatance ce kawai, domin siffar zobe da zurfin ƙoƙo suna canja yadda faɗin yake zama a fuska, kamfanoni kuma ba a wuri ɗaya suke ɗora ma'auni ba.

Saura biyu. 6½AL ya fito tsaf, harshe yana fita ɗaya bayan ɗaya, sama ba wahala. Amma da na sa 4AL, ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Wannan ce muryar da na yi shekara shida ina nema. Baba Saje ya juyo a karo na farko ya ce, "Wannan na ƙarshen ya fi daɗi." Na yi murmushi har kunne. Sai ya ƙara da cewa, "Na minti nawa?"

Ya ce sabon maufis kamar amarya ne, satin farko komai nasa daɗi. A sati na biyu naman fuska zai fara tawaye don an sauya masa wurin zama, mutum ya ji kamar ya manta busa. Sai an kai sati uku ko huɗu ake sanin gaskiyar zama. Ya hana ni yin tsalle daga wannan zuwa wancan kowace rana. Sati uku da 4AL kaɗai, sannan sati uku da 6½AL kaɗai. Ya kuma ce mu gode Allah damina ce, da hunturu ne da ya ce a bari, don leɓen da iska ta farfasa ba ya ba da shaida.

Haka aka yi. Sati na biyu da 4AL na sha wuya kamar yadda ya faɗa, na uku abin ya fara zama. In muna zaune a cikin majami'a, waƙa uku ko huɗu da hutu a tsakani, ba ni da abin cewa sai godiya. Har mata masu zumunta suka fara tambaya wa ke busa abin nan mai daɗi.

Sai aka yi rasuwar wani dattijon ikilisiya, aka ce ban zai raka gawa daga gida zuwa majami'a, daga majami'a zuwa maƙabarta. Wanda bai taɓa busa yana tafiya ba ba zai gane ba. Ƙahon yana rawa a ƙirjinka, hanya ba kwalta, kowane taku maufis yana bugun leɓe, rana ta fito bayan ruwan safe, zufa tana sa zobe yana zamewa. Kuma a ban irin namu ba mu da yawa, yufoniyam ba ta hutawa: in masu konet sun ajiye, ita ke ɗaukar waƙa, in sun ɗauka, ita ke yi musu rakiya ta sama. Minti arba'in na farko lafiya. Muna fitowa daga majami'a na ji gefen bakina ya fara saki, iska tana tsiyaya ta kusurwa. Na fara danna ƙarfen a fuska don in rama, wanda shi ne babban kuskure, don yana hana jini zagayawa. Muna shiga layin maƙabarta aka ɗauko waƙar da iyalan mamacin suka roƙa, wadda ni zan ja baitin farko ni kaɗai. Na ɗaga ƙaho, na ja numfashi, na nufi sautin farko na sama. Abin da ya fito huci ne da wata 'yar ƙara kamar ƙofa. Na sake, haka. Mai turombon da ke gefena ya karɓe waƙar ba tare da ya dube ni ba, Allah ya saka masa. Na ƙarasa tafiyar ina taɓa bawul ba sauti, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Da daddare na duba madubi, ga zobe ja ya kwanta a kan leɓɓana, na sama ya kumbura. Na shafa man kaɗanya na kwanta. Kwana biyu ban taɓa ƙaho ba.

Da na ba Baba Saje labari bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce mutanen da nake kallo a waya suna busa awa uku ko huɗu kowace rana tun suna yara, a zaune, a cikin ɗaki mai sanyi. Ni kuwa tela ne, ina samun minti arba'in in dare ya yi, shi ma in ba aikin sallah ko na Kirsimeti, rabin busata kuma a kan titi take. Ga shi daga konet na fito, wanda faɗin maufis ɗinsa bai fi milimita 16 zuwa 17 ba, fuskata ba ta gama sabawa da babban zobe ba tukuna. Ya ce shi kansa a soja da matsakaicin maufis ya yi fareti shekara da shekaru, babban yana aljihu sai ranar da za a zauna a yi wa manya kiɗa a cikin zaure.

Sati ukun 6½AL ba su da wani labari, wanda shi ne abin da ake so. Muryar ba ta kai ta wancan faɗi ba, na sani, wayata ma ta nuna. Amma an yi bikin aure mun busa tun daga ƙarfe goma har azahar, na dawo gida da sauran ƙarfi a bakina. Raɗa tana fita ba tare da sautin ya yanke ba. Haƙorina bai yi ƙorafi ba. Na kuma lura da wani abu da ban zata ba: da na daina tsoron sama, sai na daina matse maƙogwarona, muryar ta buɗe da kanta fiye da yadda take a ranar gwaji.

Don haka abin da nake nema ya fito fili: faɗi wajen milimita 25.4, ƙoƙo matsakaici zuwa mai ɗan zurfi, ƙafar tsakiya. A jerin Denis Wick wannan shi ne 6BM. Tsakaninsa da wanda ya kunyata ni a maƙabarta milimita 0.6 ne kacal, kaurin da bai fi na farce ba. Wannan karon sai da na rubuta sunan a takarda, na kai wa Baba Saje ya sa tabarau ya karanta harafi-harafi, sannan na tura wa ɗan'uwan nan namu na Ingila, na roƙe shi ya duba M ɗin sau biyu kafin ya biya. Kuɗin kuwa daga 4AL suka fito. Mai yufoniyam 'yar China ya zo hutu daga bautar ƙasa, ya gwada shi, ya ƙi ajiyewa. Shi ƙato ne, tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake kan yufoniyam, kuma a bakinsa abin ya zauna kamar don shi aka ƙera. Na ɗan yi asara a cinikin, ban damu ba.

Saƙon ya iso hannun wata mata da ta dawo gida Kirsimeti, a naɗe cikin safa. Hunturu ya riga ya sauka, ƙarfen ya yi sanyi ƙarara, sai da na riƙe shi a hammata ya ɗumama. Na zura shi a tsohuwar Besson, na ɗan murɗa. Ya shiga ya tsaya cak. Na girgiza, ko motsi. Na zana layi da fensir na zare na ɗora a kan tef ɗin awo na ɗinki: inci ɗaya ba kaɗan. Na busa do, allurar manhajar ta tsaya a tsakiya da bututun gyara a fito kamar faɗin yatsa. Na hau so, ta tsaya. Na hau mi, ta ɗan karkata kaɗan, irin wanda leɓe ke gyarawa. Zoben bai yi daidai da na aron da na saba ba, ya fi shi ɗan faɗin fuska, sai da na yi sati biyu kafin na daina jin baƙuncinsa.

12C ɗin na mayar da shi gwangwani, amma na ɗaura masa jan zare don kada wani ya sake manna wannan tsurar tagullar a bakinsa. A satin da ya wuce wani yaro da aka ba tuba ya same ni a shago, da maufis a hannu an naɗe ƙafarsa da baƙin salatif na masu gyaran wuta. Ya ce, "Yaya, wai an ce kai ka san kan abin nan." Na ce ya bari in gama wannan wuyan rigar, ya je ya ɗauko tubar da fensir, mu wuce layin baya tare kafin Baba Saje ya rufe kajinsa.